Rubutun HAC a kwalin waya: me dokar Amurka ta tanada, kuma me ya sa na'urar ji ke ƙugi duk da haka?

Bakanike:

Assalamu alaikum. Tambayata ga injiniyoyin sadarwa da malaman da ke aikin kunne a wannan zaure.

Wayoyin da ke shigowa daga Amurka, sababbi da na hannu, sukan zo da wani rubutu a jikin kwali ko a 'yar takardar da ke ciki. Wasu M3/T4, wasu M4/T3. Na baya-bayan nan kuma babu M babu T, sai HAC kawai (Hearing Aid Compatible, wato mai dacewa da na'urar ji) da wata lamba mai dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti) a gefe. An ce doka ce ta gwamnatin can, wadda ta wajabta wa kamfanoni su ƙera wayar da za ta yi aiki da na'urar taimaka wa ji, irin wadda masu raunin ji ke maƙalawa a kunne.

To ga abin da ke faruwa. Dattijo ne mai na'ura irin ta bayan kunne, wayarsa kuma an rubuta mata M3/T4. Da ya ɗaga kira ya kara a kunne sai na'urar ta kama ƙugi kamar amyar zuma, wani lokacin kuma fito mai tsini. Idan kiran WhatsApp ne ta Wi-Fi, ƙugin ba ya zuwa, fiton ne kawai yakan leƙo. Ina son sanin abin da dokar ta ce takamaimai, da ma'anar lambobin nan, da kuma inda laifin yake: waya ce, na'ura ce, ko sabis? In ta kama a sauya waya, me za a duba?

Injiniya:

Wa'alaikumus salam, Malam Bakanike. Zan ɗauki ɓangaren doka da lambobi, na'urar kanta kuma in bar wa masu ita.

Tushen abin wata doka ce da majalisar Amurka ta yi a 1988, wadda ta ce tarhon da za a ƙera ko a shigar ƙasar dole ya dace da na'urar ji. Tarhon tebur aka fi nufi a lokacin, an tsame wayar salula daga ciki. Da wayoyin dijital suka yawaita, koke ya yi yawa cewa suna sa na'urori ƙugi, sai a 2003 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta shigo da wayar salula cikin dokar, ta ɗauki wani ma'aunin gwaji mai suna ANSI C63.19. Daga wannan ma'auni M da T suka fito.

M ta shafi mai sauraro ta makirfon na'urarsa: murya ta fito daga sifikar kunne ta waya, ta bi iska, ta shiga na'ura kamar yadda maganar wanda ke gabanka ke shiga. Abin da ake aunawa shi ne yawan siginar rediyon da wayar ke fesawa a daidai wurin kunne, wadda za ta iya kutsawa cikin na'urar. M1 ta fi kowacce kutse, M4 ta fi tsafta. T kuma ta shafi telekoyil, wani ɗan ƙaramin kwayil na zaren jan ƙarfe da ke cikin wasu na'urori, mai ɗaukar murya daga ƙarfin maganaɗisun da sifikar waya ke fitarwa, ba daga iska ba. A nan ana auna ƙarfin maganaɗisun, da kuma ratar da ke tsakanin murya da hayaniya a cikinsa. A ma'aunin 2011, T3 na nufin murya ta ɗara hayaniya da desibel 20 zuwa 30, T4 kuma sama da 30. A wannan ma'auni waya ba ta samun cikakkiyar shaidar dacewa sai ta kai M3 da T3.

Sai dai lambar waya rabin lissafi ce. Ita ma na'urar ji tana da tata lambar, ta juriyar kutse, kuma haɗa su ake yi. Jimla 4 na nufin za a iya lallaɓawa a yi gajeren kira, 5 amfani na yau da kullum, 6 zuwa sama kuma ji mai kyau ƙwarai. Wayar dattijon M3 ce. In na'urarsa M2 ce, jimla 5, ya kamata ta yi. In M1 ce, jimla 4, ƙugi ba zai zama abin mamaki ba. Dokar FCC kuwa masu ƙera waya da kamfanonin layi ta kama. Na'urar ji tana hannun wata hukuma daban, ta abinci da magunguna, FDA, shi ya sa za ka ga lamba ɓaro-ɓaro a kwalin waya amma sai ka tono ta a littafin na'ura ko ka tambayi wanda ya saita ta.

Dokar ba ta fara da dukkan wayoyi ba. A tsarin 2003 samfuri biyu kacal aka fara nema daga kowane kamfani a kowace fasahar sadarwa. A 2016 aka ɗaga: masu ƙera waya su kai kashi 66 cikin 100 na samfuransu a 2018, sannan kashi 85 a 2021. A lura, samfura ake ƙirgawa, ba yawan wayoyin da aka sayar ba.

Dalilin da ya sa sababbin ba su da M da T: a 2021 FCC ta karɓi sabon bugun ma'aunin, na 2019, kuma tun Disamba 2023 da shi kaɗai ake gwada sabuwar waya. Wannan bugu ya soke matakan 1 zuwa 4. Waya ko ta ci ko ta faɗi, in ta ci a rubuta HAC. Ya kuma ƙara sharaɗin ƙarfin murya, wanda shi ne lambar dB da ka gani. Sifili a wannan ma'auni shi ne ƙarfin muryar mutumin da ke magana da kai gaba da gaba, da tazarar mita ɗaya. Lambar kwali tana faɗa maka nawa wayar za ta iya ƙarawa a kan haka ba tare da muryar ta farfashe ba. Ainihin sharaɗin shi ne desibel 18 ga wanda bai sa na'ura ba, da desibel 6 ga mai na'ura. Gwaji biyu ake yi, ɗaya an danna wayar a kunnen gwaji da ƙarfin niyuton 8 (niyuton ma'aunin ƙarfin danni ne), ɗaya da niyuton 2, domin mai na'ura ba ya matse waya a kunne. A Satumba 2023 an yi sassauci na wucin gadi da ya bar waya ta wuce da 6 a duka biyun, don haka wayoyi biyu masu HAC na iya bambanta sosai a nan. A karanta lambar, musamman ga mai raunin ji da ba ya sa na'ura.

Mataki na ƙarshe ya zo a Oktoba 2024, lokacin Jessica Rosenworcel tana shugabancin hukumar: kashi 100 cikin 100. Wa'adin masu ƙera waya Disamba 2026, manyan kamfanonin layi na ƙasa baki ɗaya Yuni 2027, ƙanana Yuni 2028. Kowace waya sai ta ci gwajin makirfo. Kashi 85 na samfura sai sun yi aiki da telekoyil, sauran 15 an yarda su maye gurbinsa da haɗin Bluetooth. Kwali kuma dole ya faɗi wanne wayar ke da shi. Wayoyin da suka riga suka samu shaida da tsohon ma'auni ba a soke musu ba, don haka M3/T4 za ta ci gaba da yawo a kasuwa shekaru masu zuwa.

Akwai wani tanadi da nake ganin ya fi duk lambobin nan amfani: shagon kamfanin layi a can dole ya bar mai saye ya gwada wayar da na'urarsa kafin ya biya. Wannan abu ne da mai shago a ko'ina zai iya yi ba sai doka ta sa shi ba.

Malamar Ji:

Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Malam Bakanike, ƙugi da fito cuta biyu ne, kowacce da maganinta. Tunda fiton yana zuwa har a kiran Wi-Fi, ba ruwansa da siginar rediyo, ba ruwansa da M3.

Fito yana faruwa ne idan sautin da na'ura ta ƙara wa ƙarfi ya zurare daga cikin kunne ya koma makirfonta, ta sake ƙara shi, ya sake dawowa, har ya zama tsinin nan. Gilashin waya kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai tauri, da an kara shi sai ya mayar da sautin kai tsaye. Abu na farko, riƙon waya. A na'urar bayan kunne makirfon yana can sama, a kan ganyen kunne, ba a ramin kunne ba. Galibin dattawa suna kara sifikar waya a ramin kunne kamar yadda suka saba, alhali ramin a toshe yake da toshiyar na'ura. A ɗaga wayar sama ta daidaita da makirfon, a ɗan karkata ta, a bar rata kamar kaurin yatsa. A ƙure ƙarar waya, a rage ta na'ura kaɗan. Na biyu, a duba toshiyar kunnen: in ta yi sako-sako, ko tiyon da ya haɗa ta da na'ura ya bushe ya yi tauri ko ya tsage, sauti zai zurare. Tiyon nan ana sauya shi duk wata uku zuwa shida, kuma zafi da gumi suna gaggauta bushewarsa. Na uku, dattin kunne. In ya cika ramin, sauti yakan buge shi ya dawo. A kai a duba a asibiti, kada a sa tsinke.

Yanzu T4 ɗin da ke kwali. Wannan ita ce lamba mafi kyau da wayar ke da ita, amma ba ta aiki sai abu uku sun haɗu.

Sai na'urar tana da telekoyil. Na bayan kunne masu ƙarfi galibi suna da shi, ƙananan da ke ɓuya a cikin ramin kunne galibi ba su da wurinsa. A tsofaffin na'urori za ka ga maɓalli mai O (kashewa), T (telekoyil) da M (makirfo). A na dijital shiri ne da ake zaɓa da ɗan maɓallin baya, kuma sau da yawa kwayil ɗin yana ciki amma ba a kunna shi a kwamfuta ba lokacin saiti. Wannan aikin wanda ya saita na'urar ne, na 'yan mintuna. Ana yinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, matuƙar suna da manhajar kamfanin na'urar. A nemi T zalla don waya. A T zalla makirfo a kashe yake, don haka fito ba shi da hanya, hayaniyar kasuwa ma ba ta shiga. Akwai MT, wanda ke haɗa biyun don mutum ya ji na kusa da shi, amma shi yana iya fito.

Sai an kunna a wayar. A iPhone ana shiga Settings, Accessibility, Hearing Devices, a kunna Hearing Aid Compatibility. A Android yana cikin saitin manhajar kira ko a ƙarƙashin Accessibility, sunan yakan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In an kunna shi muryar takan sauya ga mai kunne lafiyayye, domin an daidaita ta ne don kwayil.

Sai an samo wurin. Maganaɗisun waya ba ya nisa, santimita kaɗan ne, kuma kwayil yana da fuskar da ya fi ɗauka. A kira lambar da ke magana ba tsayawa, a riƙa zame wayar a hankali sama da baya, ana ɗan juya ta, har muryar ta cika. Wasu na'urori suna komawa T da kansu idan sun ji maganaɗisu, kuma sukan zo da ɗan mayen ƙarfe da ake mannawa kusa da sifikar waya don ya tayar da su.

Telekoyil yana da tasa lalurar: duk wani maganaɗisu da ke kusa yana ɗauka. Taransifoma, dogon ƙwan lantarki, inbata, janareto, injin mota, duk suna sa shi gunji mai kauri, domin wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan. Gwajin mai sauƙi ne. A sa na'ura a T ba tare da waya ba, a zagaya ɗakin. In gunjin yana ƙaruwa yana raguwa da tafiya, daga ɗakin ne.

Abu ɗaya nake roƙo a tabbatar tun farko: na'urar ji ce ta gaske da aka saita bisa gwajin kunnensa, ko amfilifaya ce ta kasuwa mai kamarta? Ta kasuwa galibi ba ta da telekoyil, ba ta da kariyar kutse, ba ta da lambar da za a haɗa da ta waya. Komai tsadar wayar da aka saya mata tana iya yin ƙugi.

Na Ƙarfen Sabis:

Malama ta gama da fito. Ƙugin kuwa, yadda ka siffanta shi, 2G ne.

GSM, wato fasahar 2G, tana raba tasha ɗaya gida takwas, waya takwas su yi karɓa-karɓa. Wayarka ba ta aika sigina a miƙe. Tana kunnawa ta kashe, ta kunna ta kashe, sau 217 a sakan. Kowace kunnawa tana iya kai wat 2 a zangon 900, wat 1 a zangon 1800. Siginar kanta kunne ba ya jin ta, amma 'yan zaren ƙarfen cikin na'urar ji suna kama ta kamar eriya, amfilifayar ciki ta tace ta, abin da ya rage shi ne bugun kunnawa da kashewa, 217 da ninkinsa, 434, 651, haka har sama. Shi ne ƙarar da kake ji a sifikar masallaci ko rediyon mota in kira zai shigo. Ko an koma T ba a tsira gaba ɗaya ba, domin batirin waya yana zuƙar wuta da wannan bugun, wutar kuma tana haifar da nata maganaɗisun.

3G da 4G ba sa wannan bugu mai tsari, ƙarfinsu kuma bai wuce rubu'in wat ba. Wi-Fi ma ƙarfinsa kaɗan ne. Shi ya sa WhatsApp ke fita tas. Akwai ƙari: kiran 2G na gargajiya yana yanke murya daga 300 zuwa 3,400 Hz, alhali kiran intanet da na VoLTE (kiran murya ta kan 4G) suna kaiwa 7,000 ko fiye. Haruffa irin su s da sh da f a can sama suke, kuma nan ne jin tsofaffi ya fi raunana.

Ga inda bambancin ƙasa ya shigo. A Amurka kamfanin layi na AT&T ya rufe 2G tun farkon 2017, manyan kamfanoni uku kuma suka rufe 3G a 2022, kira ya koma kan 4G. A nan 2G tana nan da ranta. Waya tana nuna 4G, amma in layin ko wayar ba su da VoLTE, da kira ya shigo sai ta sauka 3G ko 2G. Ka kalli saman gilashi lokacin kira: in 4G ta koma E ko G, ko ta ɓace, ka kama ɓarawon. Kuma waya tana ƙara ƙarfi idan sabis ya yi rauni. Sanda ɗaya a ƙuryar ɗaki ƙarfi a ƙure ke nan, ƙugi ma a ƙure.

Abin yi: a shiga saitin netwok a ga ko akwai VoLTE, a kunna, a kuma tambayi kamfanin layi ko an buɗe wa sim ɗin. In babu, a ɗaure wayar a 3G in akwai 3G mai ƙarfi a unguwar. Wasu wayoyin Android 12 zuwa sama suna da maɓallin hana 2G. Amma kada a ɗaure ta a 4G zalla in babu VoLTE, kira ba zai shigo ba sam. Kuma in dattijon mai zuwa ƙauye ne inda 2G ce kaɗai, a mayar masa da saitin kafin tafiya.

Maganin da ba ya kuskure shi ne nisa. Ƙarfin siginar yana faɗuwa da sauri, tazarar tafin hannu ɗaya ta isa. A sa a sifika a riƙe wayar a gaban ƙirji, ko a samo igiyar wuya: madauwarin waya ne da ake ratayawa, a soka shi a ramin iyafis, shi kuma ya aika murya zuwa telekoyil ɗin kunnuwa biyu a lokaci ɗaya. Wayar da ba ta da ramin tana buƙatar mahaɗin USB-C mai ɗan cif na sauti a ciki, domin mahaɗin da ba shi da cif ba ya aiki a wayoyi da yawa.

Game da sauya waya, abu biyu. Shaidar HAC ta lambar samfuri ce, ba ta suna ba. Galaxy S24 ta Amurka SM-S921U ce, ta sauran duniya SM-S921B. Suna ɗaya, amma wadda aka yi don kasuwar Amurka ce dokar ta kama. Wayar da aka ƙera don kasuwar Afirka ko Asiya kaɗai ba ta ƙarƙashinta. Wannan ba ya nufin ba ta da kyau, yana nufin sai an gwada. Ita ma ta Amurka a duba ko a kulle take da kamfanin can, kuma iPhone 14 zuwa sama na Amurka ba su da gidan sim, eSIM kawai. Na biyu naka ne kai tsaye, Malam: shaidar an ba da ita ne da kayan asali. In an sauya sifikar kunne da ta kasuwa, maganaɗisun da take fitarwa na iya raguwa, T4 ta zama a takarda kawai. Wayar hannu da aka taɓa buɗewa, a gwada ta da na'ura a T kafin a ce ta dace.

Bakanike:

Allah ya saka da alheri. An duba, lokacin kira 4G tana komawa E, kuma na'urar tana da maɓallin shiri amma ba a taɓa saita T ba. Tambaya ɗaya ta rage, Injiniya: tunda dokar ta shigo da Bluetooth, ba gara a manta da kwayil ɗin nan a nemi na'ura mai Bluetooth ba? Kowace waya ai tana da shi.

Injiniya:

Kowace waya tana da Bluetooth, amma ba iri ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa FCC ta sa baki.

Bluetooth na gama-gari, irin na iyafis da sifikar mota, yana cin batir sosai ga ƙaramar na'ura, sai kamfanoni kowa ya yi tasa hanyar. Apple ta fito da Made for iPhone, na'urorin farko suka shigo kasuwa a 2014. Google ta biyo da ASHA a Android 10, a 2019. Na'urar da ta san ta Apple kaɗai ba za ta aika murya daga Android ba, kuma kasancewar waya Android 10 ce ko sama ba ya nufin tana da ASHA, sai in mai ƙera ta ya sa. Wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. A ASHA kuma murya hanya ɗaya take bi, daga waya zuwa kunne, mai magana sai ya kusanto da wayar bakinsa. Na'urorin Phonak na 'yan shekarun nan sun bi ta Bluetooth na gama-gari, shi ya sa suke haɗuwa har da ƙaramar waya mai maɓalli.

Dokar 2024 ta bar waɗannan hanyoyi na kamfani su ƙirgu na ɗan lokaci, amma daga Disamba 2028 haɗin dole ya zama wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba. Hanyar da ta dace da wannan sifa a yanzu ita ce LE Audio, wadda aka kammala ƙa'idojinta a 2022, ita ce kuma ke ɗauke da Auracast na watsa sauti a wuraren taro. Tarayyar Turai ma tana da tata dokar da ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, wadda ta nemi wayoyi su haɗu da na'urorin ji ba tare da kutse ba.

Don haka kafin a sayi komai, a buɗe shafin kamfanin na'urar, akwai jerin wayoyin da suka gwada, a nemi lambar samfurin a ciki. Akwai kuma rumbun GARI na ƙungiyar masu ƙera waya, inda ake tace wayoyi bisa irin wannan buƙata. Bayan an haɗa, in murya tana yankewa, a duba inda wayar take. Zangon 2.4 GHz da Bluetooth ke amfani da shi ba ya ratsa jikin mutum da kyau. Waya a aljihun wando na baya ko a ƙasan jaka takan sa kunne ɗaya ya ɗauke, aljihun gaba na riga ya fi.

Malamar Ji:

Bluetooth yana da daɗi in ya samu, murya a kunnuwa biyu, waya nesa da na'ura, babu ƙugi. Amma ga wannan dattijo ban ga dalilin sayen sabuwar na'ura ba alhali kwayil yana cikin wadda yake da ita, wayarsa kuma T4 ce. Ƙungiyoyin masu raunin ji a Amurka sun dage a bar telekoyil a dokar, kuma ina tare da su. Ba ya buƙatar haɗawa, ba ya warwarewa in an sabunta manhajar waya, kuma kusan ba ya ƙara cin batir.

Batir ɗin nan a yi lissafinsa. Na'urori masu batirin cirewa suna amfani da na zinki mai shaƙar iska, lamba huɗu: 10 mai sitika rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Sauraro ta Bluetooth yana rage kwanakinsu sosai, kuma batir da ya fara rauni yakan fara yanke haɗin tun na'urar tana ci gaba da aiki, sai a zaci waya ce ta lalace. In an ɓare sitika a jira minti ɗaya zuwa biyu iska ta shiga kafin a sa. Da an ɓare ya fara ƙarewa, mayar da sitika ba ya tsayar da shi, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gajarta ransa. Masu caji kuma suna son wuta kowane dare.

Ranar da za a kai na'urar a kunna T, a tafi da wayar. A yi kiran gwaji a gaban mai saitin, ɗaya a 2G ɗaya a 3G ko VoLTE, domin ƙarfin telekoyil ana daidaita shi daban da na makirfo, kuma sau da yawa yakan fito ƙasa da yadda ake so sai an ƙara masa. A kuma roƙe shi ya sa T a matsayin shiri na biyu, dannawa ɗaya daga na kullum, ya nuna wa dattijon yawan ƙarar da na'urar ke yi idan ta shiga T, don ya gane da kunnensa ba sai ya cire ta ya duba ba.